Inda Aka Rufe Mahaifina

Ban san mahaifina ba. Ya rasu ina goye. Mahaifiyata ta gama takaba ta dawo da ni gidansu a Talata Mafara, na tashi a hannun kawunnaina. Babu hotonsa, babu ko carbinsa, abin da ya bari an raba tun ban yi wayo ba. Abu ɗaya ya rage nasa a duniya, kabarinsa, kuma mutum ɗaya ya san inda yake. Shi ne Baffa, yayan mahaifina, wanda ke zaune a ƙauyenmu can bayan Maradun, ta hanyar Gidan Goga.

Kabarin ba a ƙauyen yake ba. Yana kufai, tsohon garin da kakanninmu suka tashi daga cikinsa suka dawo bakin hanya da rijiyoyinsu suka ƙafe. Sun bar gidajen, amma ba su bar maƙabartar nan da nan ba. An ci gaba da kai gawa can har mutane suka gaji da nisa suka yanki sabuwa kusa da gari. Mahaifina yana cikin na ƙarshe da aka kai tsohuwar, don ya yi wasiyya a sa shi kusa da ubansa.

Mu ba ma rubuta suna a kabari. Akan kafa kasko ko dutse wajen kai, shi ke nan, sauran yana cikin kan manya. Dattijon gida zai kama hannun ɗa ya kai shi, ya ce tsaya nan gindin itacen nan, fuskanci gabas, wannan kakanka ne, na gefensa ƙanensa ne. Haka ake gadon kabari a wurinmu, sai an je da ƙafa an nuna da yatsa. Ba a kwatanta shi daga zaure. Ni kuwa babu wanda ya kama hannuna, don ina Mafara ina cin tuwon kawunnai.

Wataƙila shi ya sa na tashi da son kufai, ban sani ba. Ni dai ma'aikacin noman rani ne, aikina raba ruwa a magudanai da jin ƙorafin masu shinkafa. Amma da zarar na sami hutu sai in ɗauki jakar goyo, in zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, in naɗe darduma in ɗaura a sama, in kama hanya. Na je Surame na shafa ganuwar dutse da hannuna. Na je Alƙalawa. Na yi ziyara Hubbare ba sau ɗaya ba. Duk garin da na ji akwai gidan tarihi sai na shiga na leƙa tukwane da takubba ta bayan gilashi, har mai gadi ya fara kaɗa makullai. A nan kusa kuma babu kufan da ban taka ba tsakanin Bakura da Dakko. Inda duk ka hango kukoki sun yi cincirindo a daji babu gida ko ɗaya, to mutane sun taɓa zama wurin, can nake nufa.

Abokan aiki suka laƙaba mini Baturen daji. Uwargidana kuwa cewa take yi, mazan mutane suna tara kuɗin Makka, nata mijin yana zuwa gaida kukoki. Ba na jin haushi, don ita ke soya mini ƙuli-ƙulin.

Sai da na haifi nawa 'ya'yan sannan maganar kabarin mahaifina ta tsaya mini a rai, na shirya takanas na tafi wurin Baffa. Na same shi a zaure, ya miƙe ƙafar dama a kan tabarma, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi kawunnaina ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ya san sun rasu, ya yi musu addu'a. Sannan na ce, "Baffa, so nake ka kai ni wurin Baba."

Ya ce, "Ni ko tun yaushe nika jiran wagga magana. In kai ka, in Allah ya yarda. Amma ka ga ƙahwata, ko masallaci sai da sanda. Bari a yi kaka, in ta yi sauƙi mu tahi tare."

Na ce zan ɗauko ɗan kabu-kabu. Ya ce babur ba ya ƙetare rafi da duwatsun da ke hanyar, jaki kuma ba zai iya hawa da wannan gwiwa ba. Na ce to ya kwatanta mini.

"Wanga ba abin kwatance ba na, ɗana. In kwatanta maka, ka je ka tsaya bisa kan wani kana kiran Baba? Akwai tsamiya babba, daga gare ta nika hwarawa. Sauran sai mun je."

Washegari na ce bari dai in je in ga wurin ko da daga nesa. Na goya jakata na fita bayan an karya kumallo, na bi ta gaban majalisar ƙauye na yi musu sallama, suka amsa suna bin jakar da ido.

Kufan ya fi duk yadda na zata. Ganuwar ƙasa ta zube ta zama tudu, amma kana iya binta ka zagaye garin. Ga ramukan marina a jere, bakinsu har yanzu da shuɗin baba. Ga duwatsun niƙa da suka lotsa saboda aiki, an bar su inda matan suka tashi. Bayan ganuwa ta yamma kashin maƙera ne tuli guda, inda aka riƙa narka tama. Maƙabartar tana gabas, tsamiyar Baffa a bakinta, inuwarta ta isa a yi sallar Idi. Ban shiga ba. Na tsaya daga gefe na yi wa mutanen kabari sallama gaba ɗaya, don ina tsoron in taka mahaifina ban sani ba. Raina ya yi fari a ranar. Na ce ga shi nan dai a cikin waɗannan, saura kaka.

Da zan dawo na tsinci kashin maƙera da 'yan kasake masu zane daga bayan ganuwa na zuba a jaka, kamar yadda na saba yi ko'ina. Jakar da ta wuce gaban majalisa shafal da safe, ta dawo da la'asar tana rinjayar kafaɗata.

Lokacin kuwa zinari ya shiga kan kowa a ƙasarmu. Kuma kowa ya san yadda abin ke farawa. Wani baƙo ne zai zo da jakar goyo, ya shiga daji shi kaɗai, ya tsinci duwatsu ya tafi ba ya ce wa kowa komai. Bayan 'yan watanni sai ka ga an zo da diga da shebur. An yi haka a garuruwa da dama, wasu sun sayi babura, wasu sun ƙara aure, mutanen ƙauyenmu suna ji suna haɗiyar yawu.

Babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, shi ya biyo ni har ɗakin da aka sauke ni. Ya zauna ya rage murya ya ce, "Ƙanena, mi kas samo muna?"

Na zazzage jakar a gabansa. Ya ɗauki kashin maƙera ya juya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya yi murmushi.

"Tun daga Mahwara ka biya mota, ka hau kabu-kabu, ka taka da ƙahwa cikin rana, don kashin maƙera? Haba ƙanena. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Na yi masa bayani. Na gaya masa tarihi nake so, na nuna masa hotunan Surame a wayata. Yana ta gyaɗa kai kamar mai sauraron yaro. Da na ga bai yarda ba sai na rantse, rantsuwar nan kuwa ita ta ƙara ɓata lamarin, don a ganinsa ba a rantsuwa a kan abin banza. Ya tashi yana cewa ba komai, in ta yi kyau dai in tuna da 'yan'uwa.

Da rani na sake komawa, wannan karon da tef ɗin awo na ofis, don ina so in san faɗin ganuwar. Wani mai kiwo ya gan ni ina ja ina rubutawa. Kafin in iso ƙauye labari ya riga ni: ma'aikacin gwamnati ya auna wurin.

Har gobe akwai masu cewa ni na ja abin da ya biyo baya. Ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Ban ɗauki diga ba, ban yi wa kowa ƙarya ba, na zazzage jakata a gaban wanda ya tambaya. Laifina kawai shi ne na so wani abu ba don a sayar ba, a cikin mutanen da talauci ya hana su yarda akwai irin wannan so.

Ranar wata kasuwar Talata, ruwa ya sauka, ina cinikin albasa sai wani mutumin ƙauyenmu ya dafa ni yana dariya. Ya ce, "Malam, Allah shi saka da alheri. Ai an shiga kuhwai."

Na bar albasar a nan. Kwana biyu bayan haka ina wurin. Sun fara daga tulin kashin maƙera, sun gangara cikin gari. Zinari dai ba a gani ba, sai ɗan ƙyalli da wani ya ce ya gani a kwanon wanki, shi ma daga bakin wani aka ji. Amma an tono tukunya lafiyayya, an tono duwatsun wuya, an tono wani mutum-mutumi na yumɓu. Wani dillali ya zo daga nesa ya saye, ya ce in akwai irinsu a kira shi. Daga nan haƙar ta zama biyu, masu neman zinari da masu neman kayan da, kowa da raminsa.

Na je wurin mai gari. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce za a duba. 'Ya'yansa biyu suna cikin rami a lokacin da yake faɗin haka. Na sami Yaya ya yi futu-futu da jar ƙasa, na ce masa na ji, ku tone garin, amma ku ji tsoron Allah ku bar maƙabarta.

Ya ɓata rai. Ya ce, "Mu kahirai na? Kakana na ciki, ƙanen ubana na ciki. Wa za shi taɓa ta ina raye?"

Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Abin da bai lissafa ba shi ne rami ba ya tsayawa a hannun 'yan gari. Kafin a yi girbi baƙi sun cika wurin, mutanen da ba su da kowa a ƙarƙashin tsamiya.

Na kwashi kasakena da hotuna na tafi wani gidan tarihi a birni, ina ganin ko za su sa baki. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya ba ni ruwa. Ya ce wurin yana da muhimmanci ƙwarai, sai dai ba su da mota, kuma an ce hanyar ba ta da kyau yanzu. Ya yaba zanen da ke jikin kasaken, ya tambaya ko zan bar musu. Na bar musu. Da zan fita na bi ta ɗakin nuni, na ga tukwane a bayan gilashi, fanka tana kaɗa musu iska, mai gadi yana zaune a bakin ƙofa yana tsaronsu. Ban taɓa jin haushin tukunya ba sai ranar.

Kaka ta zo, gwiwar Baffa ta ƙara kumbura. Muka ce sai wata kakar. Kafin ta zo mutanen daji sun ji ƙanshin ramukan, suka zo da bindigogi suka ce nasu ne. Wanda ya haƙa da su za a raba, wanda ya ƙi ya san sauran. Hanya ta rufe. Daga baya suka faɗa wa ƙauyen kansa, ba zan ba da wannan labarin a nan ba, duk wanda ke tsakanin Maradun da Gidan Goga yana da irinsa. Aka kawo mini Baffa Mafara a bayan motar ɗaukar kaya, da sandarsa da buta da rigar da ke jikinsa.

Ya zauna a ɗakin da ke kusa da zaurena shekaru. Mutum ne marar ƙorafi. Abu ɗaya yake tambaya in wani ya zo daga wajenmu, bayan an gama gaisuwa: "Tsamiyar kuhwai tana nan?" Kowa sai ya ce tana nan, Baba. Ni ma da na tambaye su a waje haka suke ce mini, suna duban ƙasa. Na so in yarda, sai na yarda. Wani lokaci in na matsa masa ya kwatanta mini ko yaya ne, don rai ba a bakin komai yake ba, sai ya ce, "Kak ka sa ni abin da ba a yi. Ai ina raye."

Sai aka shiga wani ɗan lokaci na sulhu, irin wanda akan yi ya kwana biyu ya watse. Mutane suka fara komawa gona. Wata safiya bayan mun dawo masallaci Baffa ya ce, "Shirya mu tahi. Ban san ko za a sake buɗe hanyag ga ina da rai ba."

Na ce ƙafar fa? Ya ce an gaya masa yanzu babur yana zuwa har bakin ganuwa. Haka ne kuwa. Hanyar da babu ita lokacin da muke bukatarta, 'yan haƙa sun fasa ta, sun cike rafin da duwatsu.

Muka biya ta ƙauye. Rabin gidajen babu rufi. Yaya yana nan, ya rame, babur ɗin da ya saya da kuɗin haƙa an ƙwace tuntuni. Da ya ji inda za mu sai ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, da ka yi haƙuri ka bar tahiyag ga." Baffa bai ko dube shi ba, ya ce wa ɗan kabu-kabu mu je. Yaya bai biyo mu ba.

Tun daga nesa na san an yi mana ƙarya, don babu abin da ya tsaya a gabas sai sarari. An sare tsamiyar, an yi gawayi da ita ko an tokare ramuka da rassanta, har kututturen an tone. Ganuwa an fasa ta ta ko'ina. Ƙasa duk ta juye, rami na bin rami, wasu sun cika da koren ruwa, ledoji da matattun batura ko'ina. Babu kowa, sun gama sun tashi. Ba a sami zinarin ba.

A gefen gabas na ga ɓarin tukwane manya-manya a warwatse a kan tulin ƙasa. Duk namijin da ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasarmu ya san su, da su ake rufe gawa kafin a mayar da ƙasa. Wanda ya sa diga ya ci karo da su a jere ya san abin da ya taɓa. Ba jahilci ba ne, sun sani sarai, suka ɗaga suka jefar suka ci gaba. Wannan ne ban yafe ba.

Baffa ya sauka daga babur ya ƙi in riƙe shi. Ya dogara sanda ya shiga tsakanin ramukan. Ya dubi rana, ya juya ya nemi kusurwar ganuwa, babu ita. Ya je wani wuri ya tsaya ya fuskanci gabas, ya yi 'yan taku, rami ya tare shi. Ya dawo ya sake daga wani wurin. Ina biye da shi ina jin numfashinsa. Sau da yawa yana ɗaga sanda kamar zai nuna, sai ya sauke. Har rana ta take yana wannan, gumi ya jiƙa masa riga. Daga ƙarshe ya zauna a kan wani tulin ƙasa, sai kuma ya tuna ko mene ne a ƙarƙashinsa, ya yi wuf ya miƙe da wannan gwiwar.

Na ce, "Baffa, ko kusa ne. Ka nuna mini wajen da kake zato."

Ya girgiza kai.

Ban san lokacin da na fara roƙonsa ba. Na ce ya nuna ko'ina, zan karɓa, ba zan taɓa tambaya ba. Na ce ina da 'ya'ya, ina so in kama hannunsu in kawo su in ce nan ne. Ni da furfura a gemu, ina kuka a gaban ɗan kabu-kabu.

Baffa ya bari sai da na yi shiru. Sannan ya ce, "In na nuna maka, na yi maka ƙarya. Kai ko ka nuna ma ɗiyanka, su nuna ma nasu. Da hannuna nis sa shi cikin ƙasa, ɗana. Ban san inda shike ba."

Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, muna fuskantar ramukan gaba ɗaya. Muryarsa ba ta yi rawa ba har ya shafa.

Da muka juya za mu hau babur sai ya tsaya ya waiga. Ba da ni yake magana ba. Ya ce, "Ban taɓa zuwa wuring ga in koma ban gaisa da ƙanena ba."

Na ɗaga masa ƙafar mai ciwon na ɗora a kan babur, muka kama hanya.